Fikof ɗin da na haɗa wa jitata yana karkarwa kuma yana shanye batir, a taimaka

Mai_Jita_Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan ina fama da wani aiki, na ce bari in haɗa fikof mai batir (abin da ke ɗauko sautin tsirkiyar jita ya mai da shi lantarki) da hannuna tunda kuɗin na kamfanin EMG ya fi ƙarfina. Na kwance siririyar waya daga tsohuwar rile (makunnin lantarki mai naɗin waya a ciki) na naɗa wajen zagaye 3000 a kan maganaɗisu, sai na sayo IC, wato ɗan cif, mai lamba TL072 a Sabon Gari na haɗa ɗan firiyam (abin ƙara ƙarfin sauti) da batir 9V na cusa a cikin jitar. To sauti dai yana fitowa amma wallahi ba daɗi, in na taɓa tsirkiya a hankali shiru kake ji, in na buga da ƙarfi sai ya fashe yana karkarwa kamar sifikar da ta yage. Ga batir kwana uku ya mutu ko ban taɓa jitar ba. Ga kuma wani huuu da ba ya tsayawa. Na canza IC sau biyu duk ɗaya ne. Me na ɓata?

Injiniya_Rediyo:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa daina sayen IC, lafiyarsa ƙalau. Ina kyautata zaton ka ɗauko zanen da aka yi wa wuta biyu, fulos da mainos, kai kuma batir ɗaya gare ka. TL072 in za ka ba shi batir ɗaya dole ka yi masa tsakiya, wato 4.5V, in ba haka ba rabin sautin da ke yin ƙasa ba shi da wurin zuwa sai ya yanke, shi ne karkarwar da kake ji. Samo resisto biyu 100k ka jera su daga fulos zuwa mainos, inda suka haɗu ka sa kapasito 10uF zuwa mainos, daga nan ka ja resisto 1M zuwa ƙafa ta 3 ta IC ɗin. Wayar fikof kuma kar ta shiga ƙafa ta 3 kai tsaye, sa 100nF a tsakani.

Da ka gama ka ɗora mita a ƙafa ta 1, ka ga wajen 4.5. Kar ka auna a ƙafa ta 3 in irin ƙaramar mitar nan mai araha gare ka, ita kanta tana jan wutar sai ta nuna maka biyu da wani abu ka zaci aikin bai yi ba, na taɓa kwana a kan wannan shirmen. Kuma IC ɗin kashi biyu ne a ciki, rabin da ba ka amfani da shi kar ka bar shi a sake, haɗa ƙafa ta 6 da ta 7, ita ta 5 ka kai ta 4.5V ɗin.

Ɗan_Zinder:
Maganar batir kuwa jak ɗinka ne malam, wato inda ake soka kebul a jikin jitar. Na tabbata mai ƙafa biyu ka sa. Masu batir jak sitiriyo ake sa musu mai ƙafa uku, baƙar wayar batir ta tafi ƙafar tsakiya ita kaɗai, sai ka soka kebul ƙarfensa ya haɗa ta da mainos wuta ta tashi, ka zare ta mutu. Yanzu naka dare da rana a kunne yake, TL072 na cin wajen 3mA, batirin nan mai arha ina zai kai mako. Ni da TL062 zan sa, cinsa bai kai rabin 1mA ba.

Injiniya_Rediyo:
062 ɗin yana da shuuu fa Ɗan Zinder, ya fi 072 hayaniya nesa ba kusa ba. In ya gyara jak ya riƙa zare kebul ai shi ke nan.

Mai_Jita_Fagge:
Oga Injiniya Allah ya saka da alheri! Ashe ƙafa ta 3 na kai ta mainos da resisto kawai. Na yi yadda ka ce, mita ta nuna 4.4 kuma sauti ya fito tas har maƙwabci ya leƙo. Jak gobe zan sayo in sha Allah. Saura huuu ɗin, kuma yanzu in na juya boliyom sai ya riƙa ƙaraf ƙaraf.

Injiniya_Rediyo:
Ƙaraf ɗin wutar DC ce ke bi ta boliyom, ba ka sa kapasito a mafita ba ko? Sa 10uF bayan ƙafa ta 1, fulos ɗinsa ya kalli IC. Boliyom kuma 25k ake sawa a masu batir, cire 500k ɗin da ya zo da jitar. Huuu kuwa naɗi ɗaya dama sai ya kwaso 50Hz na wutar gida, firiyam bai cire shi ba ƙara shi ma yake yi. Shimfiɗa tef ɗin jan ƙarfe a cikin ramin jitar ka haɗa da mainos zai rage zzz ɗin fitila da caja, amma huuu na asali sai ka yi naɗi na biyu ka juya alkiblar naɗin da ta maganaɗisunsa. Kafin nan faɗa min, a janareta kake gwadawa ko wutar nepa? Kuma in ka juya da jitar a ɗaki ƙarar na canzawa?