Abin da aka tattara kan masu lalurar otizim da zaman jama'a

An tattauna kan yadda za a zauna da masu otizim, wato lalurar da ke shafar yadda mutum yake sadarwa da mu'amala da jama'a. Ga taƙaitaccen abin da 'yan uwa suka faɗa.

1. Kusan kowa ya yarda habaici da hannunka-mai-sanda ba sa isa gare su. In kana son abu, faɗa musu ɓaro-ɓaro. Wasan taubasai ma sukan ɗauke shi zagi na gaske, sai a yi ta rigima a banza.

2. Gajeriyar gaisuwa ko rashin amsa sallama da wuri ba raini ba ne. Iyaye da dama sun koka cewa ana ce wa 'ya'yansu marasa tarbiyya, wasu ma a ce aljanu ne.

3. Hayaniyar biki da lasifika tana gigita da yawa daga cikinsu. A tanadi ɗakin da za su huta.

4. An rabu kan sanar da dangi cewa mutum yana da lalurar. Wasu sun ce a faɗa don a daina zargi, wasu suna tsoron tsangwama, musamman in maganar aure ta taso. Ni dai na fi karkata ga faɗa wa makusanta.

5. A ga likitan ƙwaƙwalwa, kuma kada a doke su.