Mai jika 200 na son shiga kasuwar kuɗi ta waya

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan zaure. Na tara jika 200 da ɗinki, ina so in fara saye da sayar da kuɗin ƙasashe ta waya, ni kaɗai. Ta ina ake kamawa?

Baba Ɗan Canji: Wa alaikumus salam ɗana. Na tsufa ina canjin naira da sefa a kasuwar Dole ta Damagaram. Bayan da Najeriya ta bar wa kasuwa farashin naira a Yunin 2023, ta yi ta zubewa, duk wanda ya kwana da ita a jaka ya ji a jikinsa. To mu ko ba komai takardar na hannunmu. Ku na waya dillali zai ninka maka sau 100, jika 10 ta riƙe miliyan 1. Farashi ya goce kashi 1 cikin 100 kawai, jika goman ta bi ruwa kafin shayinka ya huce.

Malama ta Zango: Gaskiya Baba. Hukumar da ke sa ido kan kasuwannin Turai ta bincika a 2018, ta tarar tsakanin kashi 74 zuwa 89 na ƙananan asusun masu irin wannan ciniki asara suke yi. Ƙanena, buɗe asusun gwaji a MetaTrader, manhajar da ake wannan ciniki da ita, kuɗin bogi ne amma farashin na gaske. Wata uku kana rubuta kowane ciniki a littafi, da dalilin shiga, da inda ka sa iyakar asara.

Ɗan Birni: Yaya, akwai wani a WhatsApp da ya ce in ba shi kuɗin ya juya mini, ribar kashi 30 kowane wata.

Mai Kabu-kabu: Kai, gudu! Irinsa ya cinye mini kuɗin babur. Wata biyu yana biya, na ƙara zubawa, na uku lambar ta daina shiga. Har yau matata ba ta bar zancen ba.

Malama ta Zango: Ni fa na fi son mai tafiyar hawainiya. Kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ta fara aiki a 1998, ta ƙasashenmu takwas masu sefa ce. Ta hannun kamfanin dillanci mai lasisi ake shiga, akwai shi a Yamai. Ka sayi hannun jarin irin su Sonatel, kamfanin sadarwa na Senegal, da sefarka, ba ruwanka da canji, ka jira rabon riba na shekara.

Baba Ɗan Canji: Sannan ka je wa malaminka da maganar kuɗin ruwan da ake yanka in ciniki ya kwana a buɗe. Kar ka taɓa kuɗin keken ɗinkin nan kuma.

Ɗan Birni: Na gode iyayena. Baba, kana rumfa ran Alhamis?

Baba Ɗan Canji: Bayan la'asar. Ka zo da littafin.