Kuɗin NASRDA: inda aka haɗu da inda aka rabu

Jama'a, ga abin da na tsinta daga muhawarar nan kan inda ya kamata a kashe kuɗin NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya:

1. Kusan baki ya zo ɗaya cewa a fara da sauya taurarin ɗan Adam da suka tsufa. NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X tun 2011 suke sama. Hotunansu ne ake bukata wajen lura da ambaliya irin ta 2022, da kwararowar hamada, da janyewar Tafkin Chadi, da dazukan da 'yan bindiga ke fakewa. Ni ma nan na tsaya.

2. Horar da injiniyoyi. An tuna cewa 'yan Najeriya ne suka haɗa NigeriaSat-X a Ingila. A ba su albashi da kayan aiki kada su tsere waje.

3. Tauraron sadarwa ya raba kawuna. Wasu sun kawo NigComSat-1, wanda aka harba daga Sin a 2007 ya lalace a 2008, suka ce a bar wa 'yan kasuwa. Wasu suka ce sirrin tsaro da intanet na karkara ba abin damƙa wa baƙo ba ne.

4. Tura ɗan Najeriya sararin samaniya: mafi yawa sun ce a dakata tukuna.