Auta ya samu kiriminoloji, Yaya ya ce ɓata shekara huɗu ne

Auta: Assalamu alaikum ƴan gida. Alhamdulillah adimishan ya fito, Jami'ar Tarayya ta Dutse sun ba ni kiriminoloji, wato nazarin laifuka da harkar tsaro. A sa mana albarka

Yaya Babba: Wa alaikumus salam, Allah ya sanya alheri. Amma ni dai gaskiya zan faɗa maka ko ba daɗi, wannan kwas ɗin ɓata shekara huɗu ne. Ba zai mai da kai lauya ba, ba zai mai da kai ɗan sanda ba. In lauya kake so ka yi haƙuri ka sake JAMB, shekara biyar sannan makarantar horon lauyoyi, ga reshenta nan a Bagauda. In kuma kaki kake so ga makarantar ƴan sanda ta Wudil, ka fito da digirinka da aninin ASP, wato mataimakin sufuritandan ƴan sanda, a kafaɗa. To wannan na tsaka-tsakin wa zai ɗauke ka aiki da shi?

Auta: Yaya wallahi ni shi na cike da hannuna, ba tura ni aka yi ba

Barista: Yaya Babba rabin maganarka haka take. Ba zai sa rigar lauya ya tsaya gaban alƙali ba, wannan babu ja. Kuma in ana ɗaukar ma'aikata a Sibil Difens ko shige da fice, wanda ya karanta tarihi ko lissafi ma cike fom yake a ɗauke shi. Amma ɓata lokaci ɗin ne ban yarda ba. Mu abin da muka fi ƙwarewa a kai shi ne me doka ta ce, su kuma ana koya musu me ke kai mutum ga laifi, ya ake bincike, me ke faruwa da shi daga ranar da aka kama shi har ranar da ya fito, kuma me ya sa wasu suke komawa

Yaya Babba: To ai ka faɗa da bakinka, kowane digiri ma ana ɗauka. Ilimi daban abinci daban ƙanina, ni ne zan biya kuɗin rajista

Kawu: Ku dakata in sa baki. Na yi aikin ganduroba har na yi ritaya, abin da idona ya gani zan faɗa. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Za a kai yaro gaban majistare da tuhumar fashi, kotun ba ta da hurumin sauraro, sai a ce a ajiye shi a jira shawarar ma'aikatar shari'a, shi kenan fayil ya kwanta, ɗan sandan da ya yi binciken a yi masa canjin wurin aiki, ba mai tambaya. Akwai wata tsohuwa da ba na mantawa, duk Juma'a sai ta kawo wa wani nata da ke tsare tuwo a kula ta ɗaure da ɗankwali, mu buɗe mu sa ta ɗanɗana a bakin ƙofa kafin a shiga da shi, kullum tambayarta ɗaya, ɗan nan yaushe za a kai shi kotu. Ni da kakina ban san ofishin da zan ce ta je ba, abin da aka koya min ƙirga mutane da kulle ƙofa. Har yau abin yana damuna

Anti: Allah sarki. Kawu ko a layinmu an zo neman wani yaro ba a same shi ba aka tafi da mahaifinsa, sai da ya kwana biyu

Barista: Anti wannan haramun ne a doka. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 sashe na 7 ta hana kama wani a madadin wani, Kano ma ta yi tata a 2019. Dokar ta ce mace na iya tsaya wa mutum a beli, ta ce majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Dokar 2019 da ta mai da gidan yari gidan gyaran hali kuma ta kafa sashen kula da hukuncin da ba ɗauri ba, irin su aikin yi wa al'umma hidima da sakin mutum ana sa masa ido. Wa zai sa idon? Ba lauya ba ne, aikin irin su Auta ne

Yaya Babba: A takarda kenan Barista. Ofisoshin nawa ka gani suna aiki? Ga masu digirin nan daga NOUN, jami'ar karatu daga gida, da sauran jami'o'i suna ta fitowa duk shekara, ina suke? Kawu Allah ya ƙara girma ban ƙi maganarka ba, tsohuwar nan ta ba ni tausayi, amma tsorona kar yaron nan ya gama bautar ƙasa ya dawo yana zaman majalisa

Anti: Yaya ai zaman majalisar ba kwas ɗin da ya bari, injiniyoyi nawa ne ke tuƙa adaidaita

Kawu: Tsoronka a kan hanya yake ɗana. Auta ka ji ni da kyau, in za ka yi kar ka tsaya a haddar handawut. Duk hutu ka je kotun majistare ka zauna a benci tun safe ka ga yadda ake kiran shari'a ana ɗagawa, ka koyi kwamfuta da ƙididdiga, ka iya rubuta rahoto. Duk sanda aka buɗe ɗaukar aiki kuma ka cike

Auta: In sha Allahu Kawu. Na riga na yi wa Yaya Barista magana zan riƙa bin sa kotu

Yaya Babba: Ni dai har yanzu ban gamsu ba. Turo min jerin darussan aji ɗaya zuwa aji huɗu da adadin kuɗin rajistar, in karanta da idona kafin Litinin

Anti: Barista dan Allah kira ni in ka samu sarari, matar mutumin nan da aka kama tana son jin maganar sashe na 7 ɗin