Ƙalau nake jin jikina, amma an ce ina ɗauke da ƙwayar taifod: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman Ummi, Pantami

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako guda ke nan abin nan yana ci mini rai, shi ya sa na kawo shi nan. Shekara tara ina sana'ar abinci, shinkafa da wake da rana, tuwo da daddare. Watan jiya na samu aikin girki a wata makarantar kwana, aka ce sai an yi mana gwajin masu taɓa abinci, har da na bayan gida. Na kai nawa a 'yar robar da suka bayar hankalina kwance, don ko ciwon kai ba na yi. Da sakamako ya fito, likita ya zaunar da ni ya ce akwai ƙwayar taifod a cikina. Na ce masa ai shekara biyu ke nan da na yi taifod na warke. Ya ce jiki ne ya warke, ita ƙwayar ta samu maɓoya a matsarmama, tana biyo bayan gida lokaci zuwa lokaci.

Sai ya nuna mini takarda ta biyu, jerin magunguna kowane da harafi a gabansa. Ampicillin R, Septrin R, chloramphenicol R. Wai R na nufin maganin ba ya yi mata komai. Septrin ɗin nan shi na sha lokacin zazzaɓin, kwana uku na ji sauƙi, na ajiye sauran a kan firij. Ɗan autana ya kwanta taifod bara, kuma tun da na baro asibiti nake tambayar kaina ko daga hannuna ya samu. Don Allah wanda ya taɓa gamuwa da wannan ya faɗa mini yadda ya yi.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Tudun Wada

Wa'alaikumus salam Yaya. Ki kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai ba ce. Cikin mutum 100 da suka yi taifod, kamar 2 zuwa 5 kan ci gaba da riƙe ƙwayar fiye da shekara alhali lafiyarsu lau, kuma ya fi samun mata da masu tsakuwa a matsarmama. Sunanta Salmonella Typhi, a jikin mutum kawai take rayuwa, ba daga dabba take zuwa ba.

Bari in gaya miki daga ina haruffan nan suka fito, don aikina ke nan kullum. Muna shafa ƙwayar a faranti mai abincinta, mu jera wasu ƙananan takardu masu kamar ƙwayar wake a kai, kowace ɗauke da magani daban. A kwana a na'ura mai ɗumin jikin mutum, digiri 37. Da safe in maganin yana aiki za ki ga fili wayam ya kewaye takardar kamar zobe, sai mu auna faɗinsa, in ya kai yadda ake so mu rubuta S, wato maganin yana kashe ta. In kuwa ƙwayar ta tsiro har jikin takardar, R ke nan. Wallahi akwai safiyar da nakan ɗaga faranti in ga ba zobe ko ɗaya, jikina ya yi sanyi, don na san akwai mai kwance a gado yana jiran amsar nan.

A makaranta an koya mana labarin Mary Mallon, kuku ce a New York ta Amurka. A 1907 aka gano gidajen da take wa girki suna kamuwa da taifod ita kuwa garau, aka killace ta a wani tsibiri, a can ta rasu a 1938. Lokacin da aka kama ta babu antibayotik. Ke yau akwai magani, muddin akwai S a takardarki. Sannan ina roƙon jama'a, gwajin Widal da ake yi a minti goma kada a dogara da shi shi kaɗai. Yakan nuna taifod a jikin wanda ya daɗe da warkewa, ko mai maleriya, a ɗora shi kan antibayotik a banza.

Amaryar Bolari

Ni ba taifod ba ne, amma da na ga R ɗin nan sai da gabana ya faɗi. Bayan haihuwata ta biyu fitsari ya riƙa yi mini zafi. Aka ce sanyi ne. Na sha Ampiclox, na sha cipro, na sha haɗin wata mai magani, wata huɗu ana abu ɗaya, har zazzaɓi ya kayar da ni da ciwon kwiɓi. Da aka yi gwajin fitsari na shukawa, irin na farantin da Malama ta faɗa, sai aka ce E. coli ce, irin wadda ke zaune a hanjin kowa ba ta cutarwa, sai in ta ɓata hanya ta shiga mafitsara. Tawa ta riga ta saba da duk abin da na haɗiya. Sai allura ta jijiya kwana bakwai a asibiti, jaririyata a hannun mamata. Tumaki biyu maigida ya sayar.

Mai tsaron kemis, Herwagana

Zan faɗi gaskiya ko da a kaina take. Mutum zai shigo ya ce ɗansa na gudawa, a haɗa masa Flagyl da ja-da-yalo na ɗari biyar. In ka ce gudawar yara galibi ruwan gishiri da sukari take so, da zinc na kwana 10 zuwa 14, sai ya kalle ka kamar ba ka san aikinka ba, ya wuce shagon gaba. Na sha yanka katin magani da almakashi in ba da ƙwaya huɗu, don iya kuɗin mutum ke nan. Yanzu na daina raba antibayotik, ciniki ya ragu, maigidana bai ji daɗi ba. Amma wanda ba shi da kuɗin katin asibiti, ina zai je? Wannan ce tambayar da nake kwana da ita.

Mai gidan kaji, hanyar Kumo

Malama mai gwaji, ina da tambaya. Mu tun ranar da 'yan tsaki suka iso muke zuba musu magani a ruwa, ko ba su da ciwo, don tsoron asara. A jikin ledar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sayar da nama ko ƙwai, amma in Sallah ta matso ba mai duba wannan. Kashin kajin kuma buhu-buhu masu lambu suke saya su yi taki, su shuka latas da kabeji. Shin abin da muke yi yana da hannu a wannan bijirewar da ƙwayoyi ke yi wa magani?

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Tudun Wada

Yana da hannu, Alhaji. Taifod dai ba ta kaji ba ce, amma E. coli da sauran dangin Salmonella suna cikin hanjinsu. Maganin yana kashe raunana ya bar masu taurin kai su hayayyafa, su bi kashi zuwa lambu, su dawo mana a salak. Kuma ƙwayoyin nan suna miƙa wa juna dabarar bijirewa, ko da ba jinsi ɗaya ba ne. A 2016 taifod ya ɓarke a Haidarabad ta Pakistan wanda ya bijire wa magungunan nan uku na takardar Yaya, ya haɗa da cipro da allurar ceftriaxone. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda ƙwayoyin da suka bijire wa magani, kuma in an kwatanta da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa.

Baba na Jekadafari

'Yata Maman Ummi, Allah ya ba ki lafiya, ya saka miki da kika fito kika faɗa. Ni labarin matar Amurka ɗin nan ne ya tsaya mini. Kada mu mayar da 'yar'uwarmu abin nuni da yatsa, mu bar tushen abin. Ita ma daga wani wuri ta ɗauko. A layinmu ruwan famfo na madatsar Dadin Kowa in ya zo yau sai a yi kwanaki ba a gan shi ba, sai 'yan ga-ruwa, kuma ba mai tambayar inda suka ɗebo ko yaushe aka wanke jarkokin. Na ga rijiya da masai taku goma tsakaninsu a gida ɗaya. Da damina kuwa duk abin da aka yi a kwari ruwa ne ke kwasowa. Jikokina uku sun yi taifod a shekara guda, ba mai sayar da abinci a gidanmu. Tun daga nan na sa ake tafasa ruwan sha, na rataye sabulu da igiya a ƙofar bayi kusa da buta. Wanke hannu da ruwa zalla bayan tsarki bai isa ba, wannan sai da na tsufa na yarda da shi.

Maman Ummi, Pantami

Na gode ƙwarai, Baba, maganarka ta sa na yi kuka. Malama, na koma na duba takardar, akwai S a gaban cipro, kuma shi likita ya ɗora ni a kai na mako huɗu cif. Yau kwana tara. Na ɗaura kalanda a bango ina soke kowace rana da biro, don kada in sake abin da na yi da Septrin. Ya ce bayan na gama za a maimaita gwajin bayan gida fiye da sau ɗaya, kuma zan yi hoton ciki a duba ko akwai tsakuwa.

Tukunya na bar wa ƙanwata, ita ke girki ita ke zubawa, ni ina gefe ina karɓar kuɗi. Makarantar sun ce za su jira ni zuwa zangon gaba. Ranar Litinin zan kai maigida da yaran huɗu a duba su. Malama, su ma na bayan gida za a yi musu, ko na jini?