Musayar Waƙa: Bayajida Ya Ƙi Waiwaya

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan uwa. Yau Bayajida ne a gabanmu. Ya gudo daga Barno da matarsa Magira, ya bar ta da juna biyu a Garun Gabas, labarin kuma bai ce ya koma ba. Amsa-amonmu "ya".

Jarumin da ya taso Bagadaza,
Mai na Barno ya ba shi ɗiya.
Da ya gane ana ƙulla masa sharri,
Cikin dare suka kama hanya.
A Garun Gabas ciki ya yi nauyi,
Ya ce mata zauna, ya ƙi waiwaya.
Da ya waiwaya da hawaye sun zubo,
Hawaye ko ga namiji abin kunya.

'Yar Kwarbai:
Yaya, ka yi masa ado da yawa,
Ka bar baiwar Allah a baya.
Mai so ba ya sauke mai ciki
A baƙon gari tamkar kaya.
Ya sami sukunin neman wuƙa
Gun maƙeran da ke garin Gaya,
Bai sami na aiko da goro ba
Ran sunan Biram. Ina soyayya?

Ɗan Tudun Wada:
Ƙanwata, kansa Mai yake nema,
Nisansa shi ya bar ta lafiya.

Baba na Ƙofar Doka:
'Ya'yana, ku ba tsoho wuri. Akwai abin da kuka tsallake.

Mu an rene mu da kunyar ɗan fari,
Sunansa ma ba a faɗa a tsakiya.
Uba na ji yaron na zazzaɓi,
Sai ya aika a dubo, ya ƙi tambaya.
Biram ɗan farin Bayajida ne,
Na san nauyin da ke wannan zuciya.
Ku dube shi a Daura, gidan Ayana,
Ta ce sai Juma'a ake zuwa rijiya.
Ya karɓi guga ya nufi Kusugu,
Shi kaɗai cikin duhu ba fargaba ko ɗaya.
Ya jawo igiya, maciji Sarki ya fito,
Ya sare masa kai, ya auri sarauniya.
Amma ya koma ya durƙusa wa mace
Ya ce yafe mini, nan ne ya kasa tafiya.
Ina jin tausayinsa har raina,
Ban wanke shi ba, wannan ce gaskiya.

'Yar Kwarbai:
Allah ya ja kwana Baba, na ji,
Ban musa yana son ta a ɓoye ba ko ɗaya.
Sai dai son da aka ɓoye a ƙirji
Bai taya ta naƙuda ba, bai riƙe jariri ya yi tafiya.
Mu ta Bawo ɗan Daurama muka zo, ta ɗansa Gunguma,
Daurama muke yabo nan Zariya.
Biram ko na cikin Hausa Bakwai,
Magira ta goya shi ita ɗaya.