Baffana matuƙin jirgin soja ne, ya ƙare rayuwarsa a garken shanu: ta ina zan fara rubuta tarihinsa?

Ɗan Baffa, daga ƙasar Gumel

Assalamu alaikum. Allah ya yi wa baffana, yayan mahaifina, rasuwa a ƙarshen daminar da ta wuce, bayan ya haura shekara tamanin a duniya. Matasan garinmu ba su san shi da komai ba sai shanu, domin tun tasowarsu abin da suke gani shi ne dattijo da malafa da sanda yana zagaya garke bayan sallar asuba. Amma da muka buɗe akwatin ƙarfen da ke ɗakinsa domin a lissafa abin da ya bari, sai muka tarar da littafin da ake rubuta tashin jirgi, da hotunansa cikin kakin sojan sama, da takardar sallamarsa, da wasiƙun wani kamfanin jima na Kano inda ya yi manaja, sannan da tarin littattafan makaranta waɗanda ya cika da bayanin shanunsa.

Ina son in rubuta tarihinsa domin jikokinsa, ko da ɗan ƙaramin littafi ne, sai dai abin ya fi ƙarfin sanina. A shafukan farko na littafin tashin ana ta maimaita L-29, ban kuma san yadda ake karanta layukan ba. Bai taɓa ba mu labarin yaƙin basasa ba, ko da an taso da zancen sai ya kawar da kai. Tambayar da ta fi tsaya mini a rai kuwa ita ce, me zai sa mutumin da ya tuƙa jirgi, ya kuma shugabanci ma'aikata a birni, ya tattara ya dawo ƙauye ya zauna da shanu har ƙarshen ransa? Ina roƙon dattawa da masana su nuna mini hanya.

Tsohon Makaniken Jirgi, Dambatta

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baffanka, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ɗana, ban san shi ba, amma na yi aiki a ƙarƙashin fiffiken irin jirgin da ka ambata har na yi ritaya, don haka zan gaya maka abin da ke hannunka.

An kafa rundunar sojan sama ta Najeriya da doka a watan Afrilun 1964, Jamus ta Yamma ce kuma ta taimaka wajen gina ta, har ma shugabanta na farko Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Rukunin farko na matuƙa an tura su horo ƙasashen Habasha da Kanada da Indiya da Jamus. Da yaƙi ya ɓarke a 1967 ne aka sayo jiragen MiG-17 daga Tarayyar Sobiyet, aka sauke su a filin jirgin Kano, aka kuma kawo L-29 daga Chekoslobakiya. Shi L-29 jirgin koyarwa ne mai kujera biyu, amma larurar yaƙi ta sa aka ɗora masa makamai, bayan an ajiye yaƙi a watan Janairun 1970 kuma ya ci gaba da aikinsa na asali a makarantar koyon tuƙi ta Kano. Saboda haka ganin sunansa a littafin ba ya nuna cewa kowane layi fita yaƙi ne, sai ka dubi shekarar da kuma inda aka rubuta dalilin tashin.

Kowane layi tashi ɗaya ne. Za ka ga kwanan wata, da irin jirgin da lambarsa, da sunan wanda ke riƙe da jirgin, da aikin da aka fita yi, da tsawon lokacin da aka yi a sama, na rana daban na dare daban. Inda ka ga sunan wani a gurbin mai riƙe da jirgi, to baffanka ɗalibi ne a ranar. Inda ka fara ganin sunansa shi kaɗai, ka sa alama a wurin, domin babu matuƙin da yake mance ranar da aka sake shi ya tashi ba malami a bayansa.

Akwai abin da littafin ba zai nuna maka ba, ni kuwa na gan shi kullum. Kafin matuƙi ya hau, sai ya zagaya jirgin da ƙafarsa, ya taɓa taya, ya leƙa ƙarƙashin fiffike ko mai yana ɗiga, ya duba bakin injin ko tsuntsu ya shiga, sannan ya sa hannu a takardar da mu makanikai muka riga muka sa wa hannu. Ransa yana rataye ne da gaskiyar yaron da ya ɗaure noti, shi ya sa matuƙan kirki suka san sunan kowane makanike. Zagayen garken asuba da ka ambata, ni ban ji shi a matsayin sabon abu ba.

Game da shirunsa a kan yaƙi, ina roƙonka kada ka cike gurbin da zato. An rasa rayuka masu yawa a wancan yaƙi, har da na fararen hula, shugaban rundunar kansa, Kanar Shittu Alao, a haɗarin jirgi ya rasu a 1969. Mutumin da ya zaɓi ya yi shiru yana da dalilinsa, ka rubuta cewa ya yi shiru, wannan ma tarihi ne. Ka ɗauki lambarsa ta aiki daga takardar sallama ka nemi Hukumar Fanshon Sojoji a Abuja, ka kuma je ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji a Dutse, domin ta wurinsu ne za ka iya samun wanda suka zauna bariki ɗaya a Kaduna ko Kano. Ka gaggauta, tsaransa sun kusa ƙarewa.

Akawu Mai Ritaya, Wudil

Allah ya gafarta masa. Malam, na yi akawu a masana'antar jima a Challawa, ina kuma ganin amsar babbar tambayarka tana cikin wasiƙun kamfanin nan da kake gani kamar su ne mafi ƙarancin daraja a akwatin.

Manajan kamfanin jima ba a ofis kaɗai yake wuni ba. Yakan tsaya a rumfar da ake tantance ƙiraga da fatu kafin a kai su ga farar ƙasa a cire gashi, a nan kuwa kowace fata tana ba da labarin dabbar da aka feɗe ta daga jikinta. Ana ɗaga ta a haske sai a ga hudar kaska, da tabon kirci, da tambarin wuta da aka ɗana a tsakiyar cinya maimakon ƙasa-ƙasa, da yankan wuƙar mahaucin da ya yi gaggawa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana sauko da fata daga daraja ta ɗaya zuwa ta uku, kuɗinta ya karye. Wanda ya shekara yana ganin haka, in dai yana da tunani, dole ya fara tambayar yadda ake kiwon dabbar tun tana raye.

Sannan ka dubi zamanin. Daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, sinadarai da kayan gyaran injin da ake sayowa daga waje suka yi tsada, wutar lantarki kuma ta ƙi zama. Masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Manajoji da yawa sun ga inda aka dosa, masu gona a gida suka koma gona.

Ina da shawara ɗaya wadda ba lallai ta yi wa dangi daɗi ba. Tsofaffin sojojin da na yi aiki a ƙarƙashinsu mutane ne masu tsanani, suna rufe ƙofa a kan lokaci, ba sa karɓar uzurin da ba shi da takarda, ba kowa ne kuma yake son su ba, duk da cewa albashi ba ya makara a hannunsu. Idan ka sami leburorin da suka yi aiki da baffanka suka gaya maka haka, ka rubuta shi yadda suka faɗa. Jikokinsa za su fi amfana da sanin mutum na gaske.

Malamin Dabbobi, Maigatari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Idan wanda nake zato ne, to na yi wa shanunsa allura shekaru da dama, ban kuma sami labarin rasuwar ba sai yanzu. Allah ya kai haske kabarinsa.

Ina so in ɗan saɓa wa Malam Akawu, domin ba rufewar kamfanoni ce ta koro Alhaji gida ba. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa tun yana soja yake sayen maruƙa da albashinsa yana ba wani Bafulatani kiwo, sai annobar cutar shanu ta bushiya ta 1983 ta share kusan duk abin da ya tara. Ya ce abin da ya ƙona masa rai shi ne akwai rigakafin cutar, ana ma yin sa a cibiyar Vom da ke Filato, amma babu wanda ya tsaya ya tabbatar an yi wa dabbobin, shi kansa kuma yana can wurin aiki. Ba a kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya ba sai a 2011, na kuma tuna yadda ya yi ta maimaita hamdala da na kai masa labarin.

Littattafan makarantar nan da ka gani, ni na san su. Kowace saniya tana da shafinta, da sunan da makiyayi ya ba ta, da uwarta, da ranar da aka yi mata barbara, da ranar haihuwa, da abin da ake tatsa, da ranar allurar ciwon huhu da ta harbin daji, da ranar da aka ba ta maganin hanta bayan ta yi kiwo a fadama. Idan na zo, sai ya buɗe shafi ya miƙo mini biro in sa hannu, ba ya kuma yarda a soka wa dabbarsa rigakafin da bai taɓa kwalbar ya ji sanyinta ba. Duk bijimin da ya sayo a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sai ya ɗaure shi a turke can gefe har ya gamsu da lafiyarsa kafin ya haɗa shi da garke, ko da dillali ya rantse masa.

Ya taɓa gwada shanun da aka haɗa da irin na Turawa saboda yawan madara, amma zafin bazarar nan tamu da tsadar abinci suka sa ya koma ga farare na Bunaji da 'yan Bokoloji, yana cewa lissafi ne ya yanke hukunci. Da kaka yakan tara harawa da karmami a kan rumfa, ya sayi dusa da angurya tun suna da araha, shi ya sa shanunsa ba sa ramewa a watan da na maƙwabta suke kwanciya. Bai taɓa nome burtalin da ya ratsa gefen gonarsa ba, ya kuma sha zama tsakanin manoma da makiyaya idan an yi ɓarna. Zakkar shanu ma daga littafin yake fitar da ita, da zarar sun kai 30.

Mutumin da ya kamata ka fara nema shi ne makiyayinsa, domin ya fi kowa sanin shekarun Alhaji na ƙarshe. Ku kuma magada, ina roƙonku kada ku kora garken nan kasuwa a rana ɗaya, zaɓen shekaru ne a cikinsa. Wanda rabonsa ya faɗa kan saniya, a haɗa masa da shafinta.

Malamar Makaranta, Ringim

Allah ya jiƙansa da rahama. Kowa ya tura ka wurin maza, ni kuwa ina cewa ka zauna da matansa, musamman uwargida idan tana raye. Ita ce ta zauna a bariki tana jin ƙarar jirgi ba ta san ko nasa ne zai dawo ba, ita ce kuma aka ce ta bar gidan famfo da lantarki ta dawo ƙauye. Ka bari ta fita takaba ta natsu, sannan ka nemi izininta ka ɗauki muryarta a waya, kada ka katse ta ko da ta yi nisa da tambayarka. Kafin a raba gado kuma, ka ɗauki hoton kowane shafi na littattafan, saboda da zarar sun rarrabu a hannun magada, haɗa su zai yi wuya. Kada rubutun ya zama dalilin jinkirta wa marayu haƙƙinsu.

Ɗan Baffa, daga ƙasar Gumel

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Malamin Dabbobi, shi ne wanda kake zato, na kuma isar wa iyalinsa da ta'aziyyarka. Na karanta wa 'ya'yansa abin da ka rubuta, sun amince kowace saniya ta tafi da shafinta, babban ɗansa kuma ya ce zai roƙi ƙannensa su bar rabonsu a garke ɗaya a hannun makiyayin, kowa da sanin nasa.

Inna, uwargidansa, ta fita takaba, ta kuma yarda mu fara zama bayan sallar la'asar. A zamanmu na farko ta gaya mini cewa likitocin soja ne suka dakatar da shi daga tashi saboda idonsa, aka mayar da shi aikin ofis, shi ne bai daɗe ba ya nemi sallama. Babu ɗaya daga cikinmu da ya taɓa jin wannan. Baba na Dambatta, na sami layin da sunansa ya fara fitowa shi kaɗai, amma akwai gajerun haruffa a gurbin dalilin tashi waɗanda suka gagare ni. Idan ka ba ni izini, zan zo da littafin har gida ranar Lahadi bayan an tashi daga kasuwa, mu bi shi shafi-shafi.